Filin Tambaya da Amsa: Wai Filogin Ɗin Kwamfuta Zai Shiga Wayata?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da warhaka. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo hanya ɗaya suka biyo, maganar filogin ce, wato kayan kiɗa da kayan gyaran sauti da wani kamfani daban ke ƙerawa, kai kuma ka ɗauko ka jona su cikin manhajar da kake haɗa kiɗa da ita a waya. Wallahi naji daɗin yawan tambayoyin, dan hakan ya nuna min yaranmu sun wuce matakin ɗora murya kan bit ɗin da wani ya riga ya haɗa, sun fara neman sautin kansu. Na tsamo guda bakwai, wanda baiga nasa saƙon ba yayi haƙuri ya duba na ɗan'uwansa, da wuya ya rasa amsarsa a ciki.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Funtuwa: Malam barka da aiki, dan Allah ina amfani da FL Studio Mobile a wayata Android to abokina dake aiki a situdiyo ya zubo min Nexus da Kontakt a filashi yace in saka, na zuba su a foldar manhajar amma shiru basu fito ba na goge na sake zubawa har sau uku, data na duk ta ƙare a kallon bidiyo wani yace a canza sunan fayil ɗin wani yace sai anyi wa wayar rutin. Meye gaskiyar magana?

AMSA: Ƙanena ka huta haka nan, ko sau ɗari ka zuba bazasu fito ba, kuma ba laifin wayarka bane, ba kuma rashin iyawarka bane. Abin da abokinka ya baka sunansa VST, wani kamfanin Jamus ne mai suna Steinberg, masu Cubase, suka fito da tsarin a 1996, da farko na gyaran sauti ne kawai sai a 1999 suka ƙara masa damar ɗaukar kayan kiɗa. In ka duba fayilolin zakaga sunansu ya ƙare da .dll ko .vst3, to wannan an gina shi ne dan Windows da furosesan kwamfuta irin na Intel da AMD, ita kuwa wayarka furosesan ARM ne a cikinta kuma Android ke tuƙa ta, ko yarensu ba ɗaya bane. Canza sunan fayil ɗin da wancan mutumin yace kayi, daidai yake da ka rubuta fetur a jikin jarkar kalanzir, abin dake ciki yana nan yadda yake. Rutin kuma, wato fasa kariyar tsarin wayar dan a taɓa cikinsa, dan Allah kar ka soma, ba abin da zai ƙara maka a wannan maganar, sai dai ka wayi gari manhajar bankinka ta ƙi buɗewa.

Akwai matsala ta biyu wadda ma tafi ta farkon girma. Ko da masu Nexus sun zauna sun sake gina shi dan ARM, sai da ƙofar da zai bi ya shiga manhajarka. Apple sun yi wa iPhone da iPad wannan ƙofar tun 2015, Google kuwa basu saka irinta a jikin Android ba, shi yasa a Android kowace manhaja ke zaune da kayanta a ɗakinta. FL Studio Mobile nada nasa, su MiniSynth da SuperSaw da GMS da Transistor Bass da DirectWave. Cubasis, wanda ya shigo Android a 2020, yana sayar da wasu filogin na Waves a cikin shagonsa, Audio Evolution Mobile kuma yana sayar da na ToneBoosters. Kaga kenan akwai kayan wasu kamfanoni a Android, amma sai wanda mai manhajar ya shigo dashi da kansa, kuma abin da ka saya a wannan bazai bika zuwa waccan ba.

Nasan wani zai ce ai shi da idonsa ya ga bidiyon da aka kunna FL Studio na kwamfuta a waya. Gaskiya ne, da Winlator ko tsohon ExaGear ake yi, manhajoji ne dake yi wa wayar tafinta tana kwaikwayon Windows. Na zauna na gwada dan kar in yi magana a kan ji, ya buɗe kam, amma rubutun ƙanana kamar tururuwa, ka danna maɓalli sautin sai ya ɗan jima zai fito, kafin in jera layi biyar bayan wayar ya ɗauki zafi. Na nuna wa abokai ne, ba na zama a haɗa waƙa bane.

To ga abin da nake so ka riƙe, kai da duk mai Android: filogin baya ƙaura zuwa wayarka amma sautinsa yana ƙaura. Ka koma wajen abokin nan naka, ya buɗe sautin da kake so a FL Studio na kwamfuta, ya danna dama a kan layin kayan kiɗan, zai ga inda aka rubuta Create DirectWave instrument. Abin da yake yi shine ya buga maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya naɗe su ya haɗa maka fayil mai ƙarewa da .dwp tare da sampul ɗinsa, wannan shi zaka kwasa ka zuba a foldar My Instruments ta wayarka ka buɗe da DirectWave. Bazaka samu maɓallan murɗawa na asalin filogin ɗin ba, hoton sautin ne aka ɗaukar maka a yadda yake a wannan lokacin, amma ga fiyano da sitirin da bes da irin ƙararrawar nan da ake so a waƙar soyayya, wallahi ya wadatar. Ka zaɓi guda goma da kake so da gaske, kar ka kwaso ɗari su cinye maka waje. Kuma na aikinka ne, kar ka tara su ka fara sayarwa.

TAMBAYA, daga wani ɗan'uwa a Zangon Kumasi: Yallabai akwai wani gurup da ake raba Cubasis da FL kirak, wato waɗanda aka fasa, kyauta har da duk filogin ɗin a buɗe, in sauke?

AMSA: A'a ɗan'uwa, kar ka sauke. Bar ma maganar haƙƙin masu abin, wanda shima magana ce, ka duba wayar da zaka saka shi: a cikinta manhajar bankinka take, ta nan lambar sirrin cire kuɗi ke shigowa. Wani yaro a unguwarmu ya kawo min tasa bayan ya saka irin wannan, na duba izinin da manhajar ta nema sai naga har da karanta saƙonnin tes da lambobin mutane, to me manhajar kiɗa zata yi da tes ɗinka? Banza bata kai zomo kasuwa. In kuɗi ne babu yanzu ka fara da BandLab, kyauta ake sauke shi, ka riƙa tara na sayen guda ɗaya ta hanyar Play Store. FL Studio Mobile sau ɗaya ake biyan kuɗin sayensa.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Assalamu alaikum. Na sayi iPad na hannu saboda ance shi yana karɓar filogin, na sayi kayan kiɗa guda biyu a App Store, ɗaya sam bai fito a GarageBand ba ɗayan kuma ya fito amma sau ɗaya kawai yake yarda in saka shi, kuma in na rufe waƙar na dawo sai in tarar ya manta sautin da na zaɓa. Ko an cuce ni ne a iPad ɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, ba a cuce ka ba in sha Allahu, tsari biyu ne suka haɗu maka waje guda. Kafin Apple su yi komai, wata manhaja mai suna Audiobus ce ta fara haɗa manhajojin kiɗa da junansu a 2012, sai Apple suka kawo nasu a 2013 mai suna Inter-App Audio, sannan a 2015 tare da iOS 9 suka kawo AUv3, wanda shine filogin na haƙiƙa. Bambancinsu shine ainihin abin da ya same ka. Shi Inter-App Audio manhajar ce sukutum take buɗe a bayan fage tana turo sauti, dan haka guda ɗaya ce tal, kuma sau da yawa waƙarka bata riƙe saitinta. AUv3 kuwa cikin GarageBand ɗin yake zama da tagarsa, zaka iya saka shi a layi uku ko biyar kowanne da sautinsa daban, ka rufe ka dawo bayan wata guda ka tarar da komai inda ka barshi. Tun 2019 Apple suka sanar da cewa sun daina ciyar da Inter-App Audio gaba, to wanda ka saya mai mantuwar nan alamu sun nuna irinsa ne.

Shi kuma wanda bai fito ba, fara buɗe manhajar ita kaɗai tukuna ka barta ta gama sauke kayanta, sannan ka rufe GarageBand gaba ɗaya ka sake buɗewa, in ya ƙi ka kashe iPad ɗin ka kunna. Sannan ka tabbata inda ya dace kake nema, dan kayan kiɗa da kayan gyaran sauti ba waje ɗaya suke ba. Na kiɗa, a wajen zaɓen kayan kiɗa zaka ja har ka kai External ka shiga Audio Unit Extensions. Na gyaran sauti kuma sai ka shiga saitin layin, Plug-ins & EQ, ka danna Edit ka ƙara. Mutane da yawa na sayen ikwalaiza, wanda kayan gyaran sauti ne, su je suna nemanta cikin fiyano.

Nan gaba kafin ka biya ko dala, ka karanta bayanin manhajar ka ga an rubuta AUv3 ko Audio Unit ƙarara, ka kuma duba wane iOS take buƙata. Wannan na biyun shi yafi cin masu sayen na hannu, dan iPad 2 da mini na farko a iOS 9 suka tsaya, iPad Air na farko da mini 2 kuma a iOS 12, sababbin filogin da yawa bazasu sauka a kansu ba komai kyan jikinsu. Masu shirin saye kuma dan Allah ku sa mai shagon ya goge iPad ɗin a gabanku ku shiga da naku asusun, in akwai iCloud ɗin wani a kai to ka sayi faranti ne kawai.

Akwai kaya masu kyau sosai a can, Moog sun kawo Model D, FabFilter sun kawo su Pro-Q, Eventide sun kawo Blackhole, akwai kuma AUM na masu son jera filogin kamar mikisa. Amma shawarata Malam, ka fara ƙure kayan kiɗan nan Alchemy dake cikin GarageBand kyauta, in ka gama dashi kunnenka da kansa zai faɗa maka abin da ka rasa.

TAMBAYA, daga wani matashi a Jos: Oga waƙata in ta kai wajen amshi sai ta fara ƙarar-ƙarar tana yankewa wayar tayi zafi kamar dutsen guga, layi goma sha huɗu ne kuma kowanne na sa masa ribab da kwamfuresa dan yayi daɗi, ram ɗina 4 ne amma na ƙara masa 4 ta setin. Sabuwar waya zan saya?

AMSA: Tsaya tukuna kar ka kai kuɗinka kasuwa. Ribab, wato mai sa wa sauti amsa-kuwwa, har goma sha huɗu ka ɗora wa waya, ko kwamfuta sai ta ji a jikinta, dan ribab na cikin abubuwan da suka fi cin ƙarfin furosesa. Ka buɗe layin ifet, wato na kayan gyaran sauti, guda ɗaya ka sa ribab ɗaya a kai, sauran layukan kowanne ka tura masa gwargwadon abin da yake buƙata, zakaga wayar ta numfasa kuma waƙar ma tafi haɗuwa dan duk kayan sun zama kamar a ɗaki ɗaya aka buga su. Bes da kik kuwa kar ka basu ribab ko kaɗan. Duk layin da ka gama dashi ka daskarar dashi, a Cubasis akwai maɓallin Freeze, inda babu kuma ka fitar dashi a matsayin odiyo ka dawo dashi ka kashe na asalin.

Ƙarin ram ɗin nan da kayi ta setin ba ram bane na gaske, aro ne daga ma'ajiyar wayar kuma yafi na gaske jinkiri nesa ba kusa ba, sannan matsalarka ma ta furosesa ce.

Sai maganar bafa, wanda mutane ke tsoron taɓawa. Shi ɗan lokaci ne da wayar ke ɗauka ta shirya sauti kafin ta sake shi. In yana 256 kana aiki a sampul 48,000 a daƙiƙa, kusan kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa kenan, kamar ka tsaya taku biyu daga sifika. In ka kai shi 1024 ya zama 21, wayar ta samu sarari amma in kana rera waƙa zaka ji muryarka na biyo ka a baya. Dan haka in manhajarka ta bada dama, ƙarami lokacin ɗauka, babba lokacin miksin. Kuma ka ajiye iyafis na Bluetooth in zaka ɗauki murya ko buga fiyano, jinkirinsa yakan haura kashi 100 cikin dubu, ba saitin da zai gyara wannan, iyafis mai igiya zaka nema. Ka cire rigar wayar, ka kashe yanayin tattalin batir, kar kayi aiki tana jone a caji a ɗaki mai zafi, dan waya in ta ji zafi da kanta take rage gudu ta kare kanta, a nan ne kake jin yankewar.

TAMBAYA, daga wata mawaƙiyar biki a Kano: Malam ina wuni, ni waƙar biki nakeyi kuma kuɗin situdiyo ya min yawa ga jira, inaso in riƙa ɗaukar gwaji a wayata amma ototun ɗin da nake sawa sai ya maida muryata kamar ta aljana tana rawa, ba irin na situdiyo ba mai santsi. Wane filogin zan saya?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara basira. Kafin ki sayi komai, ina kyautata zaton wanda kike dashi ma ya isa, saiti ne bai zauna ba. Asalin Auto-Tune na kamfanin Antares ne tun 1997, amma yanzu kusan kowace manhaja nada irin nata: BandLab nada AutoPitch, FL Studio Mobile nada Auto-Pitch, Audio Evolution nada Vocal Tune, a Cubasis kuma ana sayen Waves Tune Real-Time. Duk aikinsu ɗaya ne, su saurari muryarki su ja ta zuwa maɓallin da yafi kusa cikin waɗanda aka basu izini.

To rawar da kike ji daga nan take. In baki faɗa masa kii ɗin waƙar ba, wato jerin maɓallan da take tafiya a kai, duk maɓallai goma sha biyun a buɗe suke, muryarki na tsakanin biyu sai ya riƙa kai ta nan yana dawo da ita can. Ki tambayi wanda ya haɗa kiɗan a wane kii yake, in babu shi ki buɗe fiyanon manhajar ki lalubo maɓallin da waƙar ke komawa ta huta a kai. Waƙoƙinmu da yawa a kan maɓalli biyar suke tafiya, in manhajar ta yarda ki kashe waɗanda bakya taɓawa, nan take zaki ji ya nutsu. Sannan akwai maɓallin sauri, in kika ƙure shi shine muryar ke zama ta inji, duk wata kwalliya da kike yi a ƙarshen baiti, irin jan nan da ake yi in an ambaci sunan amarya, sai ya daddatsa ta kamar matattakala. Ki sassauta shi har ki ji ya daina cin kwalliyar.

Ki kuma sa shi a farkon jeri, shi ne na ɗaya, sannan ikwalaiza, sannan kwamfuresa, ribab a ƙarshe. In kika sa ribab kafin shi to amsa-kuwwar yake bi yana gyarawa. Haka in kiɗan na fita ta sifika yana shiga makirufo, ko fanka na kaɗawa, ko ƴan amshi na tare dake a layi ɗaya, duk zai ruɗe dan murya ɗaya tak yake iya bi. Ki sa iyafis, ki shiga ɗakin da yafi katifa da labule da kayan sawa, ƴan amshi kuma kowacce a ɗauke ta daban.

TAMBAYA, daga Kaduna: Na haɗa waƙa a iPhone da filogin kala-kala na kai situdiyo a min miksin, furodusan ya buɗe yace babu komai sai layuka marasa sauti.

AMSA: Haka zai gani, dan fayil ɗin aikin baya ɗauke da filogin ɗin, sunansu kawai yake ɗauke dashi, in babu su a kwamfutarsa shikenan shiru. Kuma sayen na iPhone yawanci baya baka na kwamfuta, ciniki biyu ne. Ka fitar da kowane layi daban a WAV, duk su fara daga farkon waƙar ko da shiru ne a gaba, ta yadda in ya jera su zasu hau kan juna daidai. Murya ka bashi kala biyu, mai ifet dan ya ji abin da kake nufi, da tsurarta dan yayi aikinsa. Ka haɗa masa da MIDI, wato fayil ɗin maɓallan da ka buga, ka rubuta masa tempo da kii. Da nauyi fa, sitiriyo WAV na cin wajen megabayit 10 a minti ɗaya, waƙar minti huɗu mai layi ashirin ta kusa 800, gara ka kai masa a filashi da hannunka.

TAMBAYA, daga wani matashi a Gusau: Baba dan Allah wane filogin ne yake da kalangu da kotso da gurmi na gaske? Na sauke wajen guda shida duk wanda aka rubuta Afirka a kai in na buɗe sai inji djembe ne da kalimba, ni kuma kiɗan gida nake so in haɗa da na zamani.

AMSA: Ɗana wannan tambayar taka ita tafi taɓa ni a duk na watan nan, shi yasa na ajiye ta ƙarshe. Abin da ka gani ba sabo bane. Tun 1991 da aka tsara General MIDI, jerin sauti 128 da kusan kowane fiyano ke ɗauke dasu, aka ware gurbi takwas na kayan gargajiya: sitar da shanai na Indiya, koto da shamisen na Japan, kalimba, banjo da sauransu, babu namu ko ɗaya. Shi yasa tun zamanin da fiyanon Yamaha PSR ya mamaye situdiyoyin Kano ake aron sautin wasu ana lanƙwasa shi, shanai ya tsaya a madadin algaita, wani gangan ya tsaya a madadin kalangu, har kunnen mutane ya saba. Masu ƙera filogin a Turai da Amurka ba zasu zo Gusau neman makaɗi ba, kai ne kake kusa dashi.

Kuma abin daɗin, wannan aikin baya buƙatar iPad, Android ɗinka ta isa. Ka nemi makaɗin kalangu na gaske, in baka san kowa ba ka tambayi mahauta, kalangu kiɗansu ne tun asali, zasu nuna maka. Ka faɗa masa gaskiyar abin da zakayi da sautin, ku yi ciniki, ka biya shi haƙƙinsa kafin ya ɗaga gula. Ranar da na fara yin haka, dattijon da na samu ya zo da kalangunsa a cikin buhu, muka shiga ɗaki muka jingina katifa a bango muka rufe taga, na ɗora wayar a kan kujera kamar kamu biyu daga fatar. Nace masa ya buga sau ɗaya ya tsaya, sai ya kalle ni yace kalangu ai magana yake, kalma ɗaya ba zance bace. Na roƙe shi ya min haƙuri, ya buga min ɗaya-ɗaya: a sake, a ɗan matse, a matse sosai, kowanne da bugu mai taushi da mai ƙarfi, sannan wanda ake bugawa a matse tsarkiyar a hammata sautin ya hau, da wanda ake saki ya sauko. Da muka gama sai nace to Baba yanzu yi zancen. Abin da ya buga a minti ukun nan shi na fi amfani dashi har yau, ɗaya-ɗayan kuwa sai dai cike gurbi.

Dan haka ka ɗauki duka biyun. Na ɗaya-ɗayan ka yanka su ka zuba a sampula, wato mai buga sautin da aka naɗa, ko na cikin manhajarka ko Koala Sampler, kowane bugu a maɓallinsa. In kana da mai kwamfuta, akwai manhaja kyauta mai suna Polyphone da ake haɗa SoundFont da ita, fayil mai ƙarewa da .sf2, Audio Evolution Mobile na buɗe shi kai tsaye, ka ga ka ƙera kayan kiɗanka da zaka iya ba wani ma ya saka a tasa wayar. Dogon bugun kuma kar ka tilasta masa bin layukan manhaja, ka bar makaɗin ya buga yadda hannunsa ya saba sannan kai ka nemo tempo ɗinsa ka gina sauran kiɗan a kai. In ka danna kwantayiz ka daidaita kowane bugu cif-cif, ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan dake sa mutum ya motsa kafaɗa su zaka kashe.

Gurmi yafi sauƙin shiga sampula tunda kaɗa tsarkiyarsa ake yi, ka ɗauki kowane sauti ka barshi ya mutu da kansa kafin na gaba. Goge da kukuma da algaita kuwa kar ka wahalar da kanka da ɗaya-ɗaya, jan su da lanƙwasarsu baya rabuwa, ka kunna wa mai su kiɗan a iyafis ya bi ka ɗauka. Kotso kuma ka sani kiɗan fada ne, akwai take da ba kowa ake buga wa ba, ka tambayi makaɗin wanne ne ya halatta ka sa a waƙar rawa.

Wajen ɗauka ka sa manhajar a WAV, ka sa ya buga mafi ƙarfin bugunsa tukuna ka duba mitar, in ta taɓa ja ka matsar da wayar baya, dan sautin da ya fashe baya gyaruwa. Kar ka tura ta saƙon murya na WhatsApp, matse shi yake yi ya zubar da rabin daɗin, in dole ne ka tura shi a matsayin dokumen. Kowane fayil ka bashi suna tun a ranar, kalangu sake taushi, kalangu matse ƙarfi, da sunan garin da kwanan wata, in ba haka ba bayan wata biyu zaka tarar da fayil tamanin duk sunansu rikodin. Ka ajiye kwafi a memori ko filashi daban da wayar. In waƙar ta fito kuma ka koma wajen dattijon ka kunna masa ya ji, ka sa sunansa a jikinta in ya yarda.